Gyaran Silo da Kunne a Garejin Babura na Gadarif

Gadarif garin dizal ne. Tun tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila suka fara gwajin noma da injuna a Gadambaliya, kusa da garin, arzikin wannan yanki na gabashin Sudan a kan tarakta yake tafe, da garmar faifai, da manyan motocin da ke kwasar dawa da riɗi zuwa kasuwar amfanin gona. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injuna, aka yanka daji gona-gona, kowace fadan dubu ko fiye a ma'aunin fili na Sudan. Saboda haka a unguwar kanikawa, masu gyaran famfon dizal da kan tarakta su ne manya, su ake miƙa wa hannu biyu. Can gefe, ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar darbejiya, akwai wani makanike da kayan aikinsa ba su cika ƙaramin akwati ba. Shi ne mai gyaran babur da raksha, wato babur mai ƙafa uku, da ƙaramin janareto. Injinansa duk na fetur ne, kusan duk da kafireta suke shaƙar iska, kuma ƙorafin da ya fi ji daga safe zuwa magariba guda ne: inji ba ya silo, da an saki totur sai ya mutu.

Ana yawan ɗaukar gyaran silo a matsayin ƙaramin aiki, abin da ake yi wa mutum kyauta bayan an canza masa taya. Ni ina ganin shi ne ma'aunin makanike. Aiki ne mai tsari da ƙa'ida, ko da yake babu wanda ya rubuta ƙa'idar, kuma yawancin ɓarnar da ake yi da sunansa ba daga rashin sani take fitowa ba, daga tsadar mai take fitowa.

Hausawa suna da yawa a Gadarif, kamar yadda suke a Kasala da Sinnar da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu. Wasu jikokin alhazai ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango. Wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar da ta kafa garin Mai Wurno. Wasu kakanninsu ci-rani ya kawo su, aikin madatsar ruwa ta Sinnar da aka gama a 1925 da gonakin audugar Jazira. Noma da kasuwanci da sana'ar hannu su ne abincinsu, kuma yadda yaro ke shiga kanikanci bai bambanta da na Fagge ko Ƙofar Ruwa a Kano ba. Uba ko kawu ya kama hannunsa ya kai shi wurin maigida, wanda a Sudan ake ce wa Usta. Zai daɗe yana wankin ƙarafa da miƙo sifana kafin a bar shi ya kwance kafireta, kuma zai ƙara daɗewa kafin a bar shi ya taɓa sukurun da ke gefenta inji na aiki. Wannan jinkiri yana da dalili, domin kwance kafireta aikin hannu ne da ake koya a yini ɗaya, saita ta kuwa aikin kunne ne.

Baburan da ake kawowa tsofaffi ne ta fuska biyu. Akwai waɗanda shekarunsu ne suka yi yawa, irin su Vespa da tsofaffin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Akwai kuma waɗanda jiya aka fitar da su daga kwali, amma zanen injinsu ya haura shekara arba'in. Babban misali shi ne Honda CG125. Kamfanin ya fitar da shi a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake lodin babur fiye da ƙima, ana barin baƙin mai har ya zama kwalta, ba a zuwa wurin makanike sai inji ya tsaya. Sai suka ƙera inji mai jure sakaci, mai buɗe bawul da sanduna maimakon sarƙa mai hawa kan silinda, da matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. Masana'antun Sin sun kwaikwayi wannan inji ba adadi, da sunaye iri-iri, kuma shi ne a ƙarƙashin tankin dubban babura daga Dakar zuwa Fot Sudan. Ga kuma Bajaj da TVS na Indiya, masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku. Abin da mai sha'awar tsohon babur a Turai yake lallaɓawa ranar hutu, a nan shi ne abin neman abinci na kullum.

Kafireta ba ta da famfo, ba ta da wuta. Fistin ne ke zuƙo iska idan ya sauka, iskar ta bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai fetur ya tsotso daga ɗan kwanon da ke ƙasa ta cikin ƙananan ramukan tagulla da ake kira jet. Tun 1893 Wilhelm Maybach a Jamus, da Bánki da Csonka a Hungari, suka fito da wannan tsari na feshi da fulot, kuma asalinsa bai sauya ba. Inji yana son kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur idan nauyi aka auna, ya ɗan fi son mai idan yana silo ko yana jan kaya. Wahalar ita ce rami ɗaya ba zai iya ba da wannan haɗi a kowane gudu ba, don haka aka raba aikin. Babban jet shi ke mulki idan an murɗa totur kusan ƙarshe. Allurar da ke rataye a jikin silaid, wato ƙoƙon ƙarfen da kebur ke ɗagawa, ita ke riƙe da tsakiya, daga rubu'i zuwa rubu'i uku. Ƙasa da haka kuwa, inda silaid ya kusa rufe hanya, iskar da ke wucewa ba ta da ƙarfin jan mai daga babban jet, sai aka yi wata ɓarauniyar hanya mai nata ƙaramin jet da nata sukuru. Ramin wannan jet a ƙananan babura bai kai rabin milimita ba. Duk silo a kansa ya rataya.

Shi ya sa silo ke fara nuna kowace cuta. Inji mai gudu yana da ƙarfin da zai haɗiye ƙananan lahani: fulogi mai rauni, bawul da ba ya zama daidai, ringi da ya fara ci, tsaga a robar da ke haɗa kafireta da inji. A silo babu wannan rara. Mai da iskar da ke shiga kaɗan ne ƙwarai, 'yar ƙaramar ɓaraka ta isa ta ɓata lissafi. To da yake a kafireta sukurun suke, a waje, inda kowa ke gani, ita ce ake fara tuhuma. Mai babur ma kafin ya iso gareji ya riga ya murɗa su da wuƙa ko da bakin makulli.

Na zauna na kalli wani dattijon Usta yana karɓar irin wannan aiki. Wani magidanci ne ya turo babur kwaikwayon CG, mai kula da gonar wani ne a hanyar Doka, ya ce, "Usta, ka duba min kafireta, da na tsaya sai ya mutu." Dattijon bai ko kalli kafiretar ba. Ya ce, "Malam, da sanyin safiya yake mutuwa, ko sai ya yi zafi?" Aka ce sai ya yi zafi, kuma kik ɗin ya yi laushi. Ya ɗora tafin hannu a kan silinda, ya ce a tura shi inuwa a bar shi ya huce, ya aiki yaro ya sayo shayi. Da inji ya yi sanyi sai ya buɗe murfin kai, ya juya inji da hannu har fistin ya hau, ya girgiza 'yan ƙarafan da ke danna bawul. Na bawul ɗin fitar da hayaƙi ko motsi bai yi ba, ya matse gam. Ƙa'idar wannan inji ita ce a bar tazarar 0.08 na milimita inji na sanyi. Dattijon ba shi da ma'aunin tazara, sai ya ɗauko tsinken reza, wadda kaurinta ya kusa haka, ya zura, ya sassauta noti, ya saita har rezar ta riƙa wucewa da ɗan jan ƙafa. Bawul ɗin da babu tazara, idan ƙarfe ya yi zafi ya ƙara girma, ba ya rufuwa duka, matsi ya zurare, inji ya mutu a silo. Da an bi maganar mai babur an kwance kafireta, da an wanke abin da ba shi da datti.

Sai bayan haka ya zo kan sukurun, kuma sai da ya sa yaro ya zagaya da babur ɗin ya dawo da zafinsa. Bawul da sanyi, kafireta da zafi, wannan jeri kowane makaniken kirki ya san shi. Ya ɗan ɗaga silo da babban sukuru, wanda ke tokare silaid. Sannan ya sa siririyar sukudireba a ƙaramin sukuru, ya mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa ƙasa, bai ƙara ko kaɗan ba, domin bakinsa tsini ne mai laushi, matsi ɗaya ya isa ya lalata shi ko ya karye a rami. Ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan rubu'in zagaye yake yi ya tsaya, ya karkata kai, ya ba inji lokaci ya amsa. Inda bugun ya fi sauri ya fi daidaituwa, nan ya nema, ya wuce shi kaɗan har sauti ya fara dusashewa, ya dawo, ya wuce ta ɗaya ɓangaren, ya zauna a tsakiya. Sai ya sauke babban sukuru har inji ya kwanta a kan bugun da ya gamsar da shi. Littafin irin waɗannan injuna yana cewa wajen juyi 1,400 a minti. Shi ba shi da agogon juyi, amma da zai samu, ba na jin zai yi nisa da wannan lamba. Ya fizgi totur sau biyu ya saki, yana sauraron yadda sauti ke saukowa. Ya ce wa yaron, "Ɗana, ka ji? Ya sauko ya zauna, bai rataya ba, bai nutse ba."

Waɗannan kalmomi biyu su ne rabin ilimin. Idan an saki totur inji ya rataya a sama ya ƙi saukowa da wuri, iska ta yi yawa, ko dai ƙaramin jet ya fara toshewa ko iska na shiga ta wata ɓaraka. Idan ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, mai ne ya yi yawa. Akwai gwaje-gwaje da ke tabbatar da abin da kunne ya ji. A ɗan ja cok inji na zafi: in ya ji daɗi, yunwar mai yake yi. A ɗiga fetur a kan robar wuyan kafireta: in sauti ya sauya, robar ta tsage. A kwance fulogi a duba bakinsa: baƙin gawayi busasshe mai ya yi yawa, fari fat iska ta yi yawa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Idan kuma wurin da inji ya fi jin daɗi ya wuce zagaye uku, ko sai an kusa rufe sukuru ruf, to sukurun ba shi da laifi, jet ne ba daidai ba ko tsayin mai a kwano. Akwai wani tarko da ke kama yara da yawa. In ƙaramin sukuru yana ɓangaren matatar iska, kamar a yawancin injuna masu hayaƙi, iska yake sarrafawa, fito da shi rage mai ne. In yana ɓangaren inji, kamar a CG da 'ya'yansa, mai yake sarrafawa, fito da shi ƙara mai ne. Yaron da ya haddace "ciki" da "waje" ba tare da ya san dalili ba zai yi daidai a babur ɗaya, ya yi akasi a na gaba.

Ƙasar Gadarif tana da hannu a cikin wannan sana'a fiye da yadda littafin kamfani ya zata. Ƙasar laka ce baƙa, da rani ta tsattsage ta zama gari, da damina ta zama taɓo mai kama ƙafa. Ƙurar rani tana toshe soson iska cikin ɗan lokaci, inji ya riƙa zuƙo mai fiye da ƙima, fulogi ya yi baƙi. Mai babur da ya gaji sai ya cire soson ya jefar, ya ji inji ya buɗe murya, ya ɗauka ya yi dabara. Daga ranar ƙura take shiga kai tsaye, tana goge silaid da bangon da yake zamewa a ciki, tana cin allura da ringi. Silaid da ya yi sako-sako yana barin iska ta wuce ta gefensa, yau da yawa gobe kaɗan, kuma babu saitin da zai zauna a kan irin wannan kafireta. Makanike nagari yana sa yatsa ya girgiza silaid kafin ya yi alkawarin komai.

Ga kuma zafi da tudu. Garin yana kusan mita 600 sama da teku, abin da ke rage nauyin iska da kimanin kashi 7 cikin 100. Zafin watan Afirilu da Mayu, mai haura digiri 40, yana ƙara rage kusan wani kamar haka idan aka gwada da yanayin digiri 20. Kafireta ba ta san wannan ba, girman iska take ji ba nauyinta ba, don haka babur da aka saita a masana'anta yakan sha mai fiye da buƙata da tsakar ranar Gadarif. Kanikawa sun gano haka da hanci da kunne tun ba yau ba, kuma ɗan rage man da suke yi yana da hujja. Sai dai wanda aka saita masa da azahar a watan Mayu zai sha wahalar tayarwa da asubahin Janairu, lokacin da iska ta yi sanyi ta yi nauyi. Saiti a nan na kaka da bazara ne, ba na har abada ba.

Man kansa shi ne babbar masifa. Ɓallewar Sudan ta Kudu a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A Yunin 2021 aka janye tallafin fetur da dizal. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afirilun 2023 ya tsayar da matatar Jaili da ke arewa da Khartum, kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 jama'a masu gudun hijira suka cika Gadarif, buƙatar abin hawa ta ƙaru, mai ya yi wuya. A irin wannan hali fetur yana bin jarka da galan da kwalba kafin ya isa tanki, kamar yadda muka sani a hannun 'yan bumburutu a Kano da Maraɗi. Kowace jarka tana ƙara masa nata: tsatsa, yashi, ruwa, wani lokaci kananzir. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin kwano daidai inda jet ke sha. Babur da aka jingine tsawon damina saboda hanyar gona ta yanke, man da ke kwanonsa yana bushewa ya bar wani danƙo mai ruwan kore ko ja, kuma ƙaramin jet ne yake fara liƙewa. Da Oktoba ta kama, lokacin yankan riɗi da ba ya jiran kowa domin kwansonsa fashewa yake ya zubar, sai ka ga babura jere a bakin rumfa, duk da ciwo ɗaya.

Daga nan ne sana'ar ke karkata, kuma a nan nake da magana da ita. Mai raksha ko mai babur ɗin haya yana lissafin kowane kofi na mai, sai ya zo ya ce, "Usta, ka matse min shi." Makaniken da ke tsoron rasa mai ciniki sai ya rufe ƙaramin sukuru fiye da ƙima, ya sauke allura, ya lanƙwasa harshen fulot don mai ya yi ƙasa a kwano, wani har ya zura silin wayar tagulla a babban jet don ya rage ramin. Inji zai tashi, zai yi tafiya, mai shi zai ga kamar tanki ya daɗe. Amma waɗannan injuna iska ce kawai ke sanyaya su, kuma ɗan rarar man da ke cikin haɗi yana daga cikin abin da ke hana su ƙonewa. Haɗin da iska ta yi wa yawa yana ƙona bakin bawul, yana cin kan fistin. A inji mai hayaƙi da ake zuba wa baƙin mai a cikin tanki abin ya fi muni, domin rage fetur rage man shafawa ne, ƙarshensa fistin ya kama a tsakiyar hanya. Ribar da ake samu daga matse silo ma ba ta taka kara ta karya ba, tunda man da inji ke sha a tsaye kaɗan ne, kuma direban da injinsa ke barazanar mutuwa a kowace mahaɗa yana ta fizgar totur don ya riƙe shi, ya ƙona abin da ya tara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban ɗora wa direba laifi ba, kuɗin man yau yake gani, kuɗin fistin sai wata uku. Makanike ne ya san ƙarshen abin, shi ya kamata ya faɗa, kuma na ga waɗanda ke faɗa ko da mai ciniki zai tafi rumfar gaba.

Akwai wasu halaye biyu da ba talauci ne ya kawo su ba. Na farko tsokanar jet da waya. Tagulla ta fi wayar ƙarfe laushi, kowace tsokana tana faɗaɗa rami, kuma ramin da bai kai rabin milimita ba ɗan ƙari ya isa ya sauya shi ya zama wani jet dabam. Jiƙawa a fetur mai tsabta, da busa iska, da silin burushi mai laushi idan ya zama dole, sun wadatar, sannan a ɗaga shi a hasken rana a ga rami ya fito zagaye. Na biyu shi ne alfahari da silo mai ƙasa sosai, inji na bugawa ɗaya-ɗaya har ana iya ƙirgawa, a tara yara su saurara. Daɗin ji gare shi, kuma shaida ce cewa matsi da wuta lafiya suke. Amma famfon baƙin mai da juyin inji yake tafiya, a wannan gudu abin da ke isa kan silinda kaɗan ne, musamman a injunan da sandar buɗe bawul take a sama, kuma batir ba ya samun caji. A nuna gwaninta minti ɗaya, sannan a mayar da shi inda kamfani ya ce.

Idan aka ɗora wannan al'ada kusa da ta masu tsofaffin babura a Ingila, za a ga inda kowacce ta fi. Kamfanin Amal, wanda aka kafa a 1927 daga haɗewar ƙananan kamfanoni uku na Birmingham, shi ya yi wa BSA da Triumph da Norton kafireta, samfurin Monobloc a tsakiyar shekarun 1950, Concentric a 1967. Jikinta da silaid ɗinta na gamin tutiya ne mai saurin ci, don haka matsalarsu ta silo ita ce tamu, silaid mai sako-sako da ƙaramar hanya da ta toshe. Bambancin shi ne suna da takarda. Kowane samfurin babur an rubuta lambar jet ɗinsa da allurarsa da yankan silaid ɗinsa, har yau ana ƙera sababbin kayan a Salisbury, akwai agogon juyi, akwai fulogi mai gilashi da ake leƙa launin wuta ta cikinsa. Mikuni da Keihin na Japan, waɗanda zanensu ne ake kwaikwaya a baburan da ke yawo a Sudan, su ma haka suke da jadawali. Makaniken Gadarif ya fi Baturen yawan injunan da suka bi ta hannunsa nesa ba kusa ba, kunnensa ya fi kaifi, amma kunne yana da iyaka. Yana jin silo da kyau domin babur na tsaye a gabansa. Ba ya jin abin da babban jet ke yi a kan kwaltar da ta nufi Gallabat da lodin mutum biyu da buhu, inda fistin ke ƙonewa. Kuma abin da Usta ya gano a shekara talatin, cewa inji kaza ya fi son jet kaza a wannan ƙasa, yana kansa ne kawai da kan yaran da suka daure suka zauna. Littafin makaranta da biro, a rubuta lamba da samfuri da wata, da sun riƙe da yawa daga ciki.

Ana cewa injin feshi mai kwamfuta zai kashe kafireta. A Turai dokokin hayaƙi sun riga sun yi haka, har Honda ta daina sayar da CG125 a Ingila wajen 2008 ta maye gurbinsa da mai feshi. Indiya ta bi sahu da dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Afirilun 2020, amma kamfanoninta sun ci gaba da turo wa Afirka babura masu kafireta, domin feshi yana buƙatar mai mai tsabta, da famfon lantarki a tanki, da batir mai rai, da na'urar karanta lahani. Man jarka zai kashe wannan famfo kafin ya kashe kafireta. Abin da ke cin sana'ar yanzu ya fi kusa: sabuwar kafireta ta kwali, 'yar Sin, mai arhar da ta sa kwance tsohuwa a wanke a saita ya zama kamar ɓata lokaci. Yaro ya cire noti biyu, ya ɗaura sabuwa, ya karɓi kuɗi. Wasu daga cikinsu suna da kyau. Da yawa kuwa jet ɗinsu babu lamba, ko lambar ba ta yi daidai da ramin ba, tsayin fulot ɗin yadda ya faɗo daga masana'anta, kuma an yi su ne don su shiga injuna da dama masu girma dabam-dabam. Ta asalin da aka jefa a kwandon tarkace sau da yawa roba ɗaya da allurar fulot kawai take nema. Dattawan kanikawa sukan tsince su, su tara a gwangwani, su cire jet da allura na asali su mayar a jikin sabuwar, sannan su kunna inji su jira ya yi zafi kafin su sa sukudireba.